Sharhina kan tiyatar sauya kwatangwalo da aka yi mini

Da ɗingishi na tashi, a gida kowa ya ɗauka halitta ce kawai. Sai da ciwo ya fara hana ni barci aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce gurbin kwatangwalona na hagu bai yi zurfi ba tun haihuwa, kan ƙashin cinya ya fice ya hau sama. A ma'aunin Crowe mai mataki 4, wanda likitoci ke auna tsananin wannan lalura da shi, nawa na mataki na 4 ne, mafi tsanani.

Irin wannan aikin ya fi sauya kwatangwalon tsofaffi wuya, kuma likitan bai ɓoye mini ba. Sai da ya yanke ɗan guntun ƙashin cinya kafin ya sauko da ƙafar gurbinta na asali, don in aka ja ta da yawa, babbar jijiyar da ke bin bayan cinya tana iya lalacewa. Ya sa sabon gurbi na ƙarfen titaniyam da sabon kan ƙashin cinya na tangaran. Ya kuma gaya mini binciken mujallar Lancet na 2019, cewa kimanin 58 cikin 100 na kwatangwalon da ake sauya wa mutane kan kai shekara 25. Ke nan mai ƙarancin shekaru irina ta sa rai da wata tiyatar gaba. Wannan gaskiyar ta sa na yarda da shi.

Alhamdulillahi, ciwon nan mai tsukar rai ya tafi. Ɗingishin ya ragu sosai amma bai ƙare ba, naman wurin ya daɗe bai yi aiki ba. Gashin ƙashi na yi kuka a kansa, amma shi ya tsayar da ni.

Inda asibitin ya gaza shi ne shirya ni don komawa gida. An ba ni takarda: kar a lanƙwasa ƙugu sosai, kar a harɗe ƙafafu. To, gidanmu masai na tsuguno ne, a tabarma muke cin abinci. Sallah fa? Babu wanda ya zaunar da ni kan sujada da zaman tahiya. Yayata ce ta nemo kujerar bayi mai tudu, na koma sallah a kan kujera har likita ya ba ni izini.

Duk mai wannan lalura, ta tambayi likita kai tsaye ko ya saba yi wa masu gurbi irin namu aiki. A kuma gyara banɗaki da wurin kwana kafin ranar tiyata.