Demon Slayer ko Jujutsu Kaisen: da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce datarka ba za ta ɗauki duka biyun ba, kana son sanin wanne ya fi tsakanin Demon Slayer da Jujutsu Kaisen, shirye-shiryen anime (wato katun na Japan), kuma ko za ka iya kallo da ƙannenka. Ni dai shawarata ka fara da Demon Slayer, amma ba don ya fi labari ba. Idan labari ake magana, Jujutsu Kaisen ya sha gabansa.

Daga nesa kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Dukansu daga mujallar Weekly Shonen Jump ta Japan suka fito, kuma a kowanne wani yaro ne mai kirki ya tsinci kansa cikin masu farautar mugayen halittu. Sai ka zauna kallo za ka ga inda suka raba hanya.

Koyoharu Gotouge ne ya zana Demon Slayer daga 2016 zuwa 2020, kamfanin ufotable ya mayar da shi anime a 2019, zangon farko kashi 26. Tanjiro ɗan mai gawayi ne a Japan ta zamanin Taisho, wajen shekara ɗari da suka wuce. Ya sauka daga dutse ya kai talla gari, dare ya yi masa ya kwana a hanya, da ya dawo ya tarar an karkashe 'yan gidansu. Ƙanwarsa Nezuko kaɗai ta rage, ita ma ta rikiɗe ta zama dodo. Haka yake goya ta a cikin akwati saboda rana na ƙona dodanni, da guntun gora a bakinta, yana neman maganin da zai dawo da ita mutum.

Ƙarfinsa na farko ido ne. Duk saran takobin Tanjiro sai igiyar ruwa ta biyo shi, an zana ta da salon tsoffin hotunan Japan, kuma kashi na 19, inda ya kara da wani dodo mai suna Rui, shi ya sa duniya ta waiwayo. Na biyu tausayi. Akwai wani dodo mai hannuwa da yawa da ya cinye yara masu ɗimbin yawa. Bayan Tanjiro ya fille masa kai, yana narkewa ya miƙo hannu, sai yaron ya riƙe hannun ya yi masa addu'a. Bai yafe masa kisan ba, amma bai manta cewa da can mutum ne ba.

Matsalar ita ce wannan dabarar suke ta maimaitawa. A yi faɗa, a sare kai, a koma baya a nuna maka yarintar dodon, a sa kiɗa mai sa kuka. A karo na biyar ka riga ka san abin da ke tafe. Zenitsu kuma, abokin tafiyar Tanjiro, ihunsa na iya sa ka rage sautin waya. Babban bos ɗin, Muzan, ban da tsoron mutuwa da cin zalin yaransa ba shi da wani zurfi. Nezuko ma, da ake duk wannan wahalar dominta, yawanci tana akwati tana barci.

Jujutsu Kaisen na Gege Akutami ne, daga 2018 zuwa 2024, MAPPA suka fara fitar da shi a 2020 da kashi 24. A nan Japan ta yau ce, kuma halittun daga tsoro da ƙiyayyar mutane suke samuwa. Yuji Itadori ya haɗiye busasshen yatsan Sukuna, sarkin mugayen halittun, don ya ceci abokansa, Sukuna ya tare a jikinsa. Manyan matsafa suka yanke masa hukuncin kisa, malaminsa Gojo ya nemo masa jinkiri: sai ya haɗiye yatsun Sukuna duka guda 20, a kashe su tare. Ka ga tun farkon labari jarumin da wa'adinsa yake yawo, maƙiyinsa kuma yana cikinsa yana yi masa dariya.

Mugayensa sun fi na wancan nesa ba kusa ba. Mahito yana taɓa ran mutum ya lanƙwasa jikinsa yadda ya ga dama, yana yi yana nishaɗi irin na yara. Zango na biyu, na 2023, ya buɗe da kashi 5 kan abotar Gojo da Geto a 2006 da 2007, kuma a wurina nan ne ƙololuwar shirin. Daga nan sai rikicin Shibuya, wata unguwa a Tokyo, dare ɗaya tak, 31 ga Oktoba 2018, inda ba wanda ya tsira don kawai masu kallo na sonsa.

Rauninsa surutu. Ana tsakiyar dambe sai a tsaya ana karanto maka dokokin tsafi, har marubucin ya ƙirƙiro hujja cewa wanda ya bayyana sirrin tsafinsa ƙarfinsa ƙaruwa yake. Wayo ne, amma ga mai bin rubutun fassara a ƙasan ƙaramar waya, wahala ce. Sannan yana da gaggawa: kafin ka shaƙu da Yuji da Megumi da Nobara a matsayin abokai, an tarwatsa su. Shi ya sa na ce ka bar shi sai ka saba da irin wannan kallon.

Batun ƙanne kuwa, kar zanen ya ruɗe ka, babu na yara a ciki. Demon Slayer fille kai ne daga farko har ƙarshe, kuma akwai zango guda da ya gudana a Yoshiwara, unguwar mata masu zaman kansu. Jujutsu Kaisen ya fi shi muni wajen lalata jikin mutum.

Don datarka: Mugen Train, ci gaban Demon Slayer bayan zangon farko, ya fito a fim a 2020, aka sake yanka shi kashi 7 a 2021, labari ɗaya ne, ɗauki guda. Idan ka iso Jujutsu Kaisen, ka kalli fim ɗin Jujutsu Kaisen 0 kafin zango na biyu, don a can za ka fara sanin waye Geto.