Gargaɗi ga masu haɗa rauta da allon sarrafawa: ana sayar da kebul ɗin jabu

'Yan'uwa injiniyoyi da ma'aikatan fasaha na gidajen talabijin, a yi hattara. Akwai wani mai sayar da kaya ta intanet da ke tallar kebul ɗin Cat6, wato wayar da ake haɗa na'urori da ita don su riƙa aika wa juna bayanai, wai jan ƙarfe ne zalla, wai kuma an yi shi musamman don haɗa rautar sigina, wato na'urar da ke zaɓen hoton da za a tura ko'ina a gidan talabijin, da allunan sarrafa ta. Ƙarya ce tsagwaronta. Guntun da yake fara aikowa a gani na gaske ne. Sai an biya kuɗi, kwalaye masu mita 305 su iso, a tarar alminiyum ne aka lulluɓe da ɗan jan ƙarfe, wanda ake kira CCA. Ƙa'idar TIA-568, wadda ke tsara ingancin irin waɗannan wayoyi, ba ta amince da shi a matsayin Cat6 ba, komai aka buga a jikin robar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kebul ɗin ba ya tona kansa ranar farko. Ka matse kan RJ45, wato filogin da ake sa wa bakin kebul ɗin, ƙaramar na'urar gwaji ta nuna layuka takwas lafiya lau, allon ya ga rauta, kowa ya watse. Amma alminiyum ya fi jan ƙarfe tauye wuta nesa ba kusa ba. Idan layin ya doshi mita 100, balle a ce ta cikinsa allon ke shan wuta ta PoE, wato tsarin tura wutar lantarki ta kebul ɗin bayanai, sai wutar ta ragu, wayar ta ɗau zafi. Ga shi da saurin karyewa a bakin kai. Bayan 'yan watanni, ana tsakiyar shiri kai tsaye, mai aiki ya danna maɓalli don sauya kyamara, shiru. Hoton ya tsaya inda yake domin umarnin bai isa rauta ba. Daga nan sai a ɗora wa rauta laifi, a canja katin sarrafawa mai tsada, alhali cutar tana kwance ƙarƙashin daɓe.

Gane shi ba wuya. Fere silin waya ɗaya, ka kankare shi da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, jabu ne. Ko ka kanga masa wutar ashana: alminiyum yana narkewa a digiri 660, nan take zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe kuwa sai ya kai 1085. Kwalin ma za ka ji bai kai nauyin na gaske ba.

Mai sayarwar yana kuma haɗawa da kebul mai kai DB9, wato kai mai fil tara, da sunan na tsarin aika umarni na RS-422 ne, alhali na wani tsarin daban ne, RS-232 na kwamfuta. A duba tsarin fil-fil a littafin kamfanin da ya ƙera rautar kafin a jona.

Kada a yarda da takardar gwajin da yake turowa. A yanko daga kowane kwali a gwada kafin a cika masa kuɗi. Wanda kuma ya riga ya shimfiɗa, don Allah ya zare shi tun bai kunyata shi a kan iska ba.