Garejin wata baiwar Allah a Apo

Masu mota a Abuja, musamman mata ƴan uwana da makanikai ke raina mana hankali, akwai wata makanikiya a can Apo wajen ƴan gyaran mota, gaskiya aikinta ya burge ni sosai.

Corolla ɗina ce take ta jijjiga in na tsaya a danja, ga shan mai kamar me. Da na kai mata ba ta ce a sauke inji ba, na'urar kwamfuta ta jona ta nuna min da idona filogi ne da koyil ɗaya suka mutu, ta canza, ta juye baƙin mai, sannan ta haɗa min tsofaffin kayan a leda ta ce Hajiya ga naki. Kuma kafin ta saya sai da ta tambaye ni sabo nake so ko ɗan Beljiyam, ta faɗi kuɗin kowanne. Wallahi wannan ne ya saye ni.

Yaranta har da ƴan mata biyu masu koyo, ɗaya da hijabinta a kan kayan aiki. Dama tun 2004 wata makanikiyar daban, Sandra Aguebor, ta kafa ƙungiyar Lady Mechanic Initiative tana koyar da mata gyaran mota, amma mu nan Arewa har yanzu sai a ce wai aikin maza ne, haba dai.

Matsalar kawai wurin zama, benci ɗaya ne kuma rana na dukansa, ga layi ranar Asabar. Ku je da sassafe tsakiyar mako. Kuɗin aikinta ba araha ba ne can, amma ba ta ƙari a kan kaya.