Sharhi Kan Gidan Hutun da Muka Kama Haya a Unguwar Cekirge ta Birnin Bursa

Gidan da muka kama haya a Cekirge, tsohuwar unguwar maɓuɓɓugan ruwan zafi ta birnin Bursa a ƙasar Turkiyya, ya biya mana mafi yawan buƙatunmu, kuma zan iya ba duk magidancin da zai yi tafiya da iyali shawarar ya kama irinsa maimakon otal, amma da sharaɗin ya san tun farko abin da kuɗinsa za su saya masa da abin da ba za su saya ba. Mun je ne a lokacin kaka, ni da mai ɗakina da yara da mahaifiyata, wadda ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, kuma saboda ita aka shirya tafiyar baki ɗaya.

Gidan sashe ne a hawa na biyu na wani bene, mai ɗakunan kwana uku da falo da kicin da banɗaki biyu. Mun same shi a share tsaf, an shimfiɗa zannuwan gado wankakku, an jera silifas a bakin ƙofa, domin Turkawa ba sa shiga cikin gida da takalmi. A cikin dirowar falo akwai dardumar salla, kuma mai gidan da kansa ya nuna mana alƙibla tun kafin mu tambaya. Masan banɗakin na zama ne, amma yana da ɗan bakin famfo na tsarki a jikinsa kamar yadda aka saba a gidajen ƙasar, don haka butar da muka taho da ita ba ta yi aiki ba sai wajen alwalar Hajiya. Da dare sanyi yana saukowa daga dutsen Uludag, wanda tsayinsa ya kai mita 2,543 kuma unguwar tana jingine ne da gindinsa, sai dai na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da iskar gas ba ta taɓa ba mu matsala ba.

Kicin ɗin shi ne babban dalilin da ya sa na fifita gida a kan otal. Tsohuwa mai shan magani a kan lokaci ba za ta jure cin burodi da cuku da zaitun kullum safiya ba, komai kyansu. Mun taho da kuka da daddawa da yaji daga gida, sauran kuma muka saya a shagunan unguwa: garin semolina na tuƙa tuwo, naman rago da ba sai an tsaya binciken yankansa ba, har da ƙananan busasshiyar kuɓewa da suke shiryawa a zare kamar carbi suna ratayewa a shagunan kayan yaji. Ranar da mai ɗakina ta kaɗa miyar kuɓewar nan, Hajiya ta cinye tuwonta tas, ta ce mata, “Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, yau na san na ci abinci.” Ban ga wani otal da zai iya ba mu wannan ba.

Inda ƙorafina yake shi ne batun ruwa, kuma ba ƙaramin batu ba ne, tunda ruwan ne ya kai mu. Tallar gidan ta ambaci ruwan maɓuɓɓuga ta hanyar da mai karatu zai ɗauka cewa shi ne ke zuba a banɗakin gidan. Da muka iso sai muka tarar ruwan famfo ne na gari wanda tukunyar gas ke dafawa. Ruwan maɓuɓɓuga yana zuwa ne ga tsofaffin gidajen wanka da wasu otal-otal na unguwar da aka ja musu bututu, ba ga kowane gidan da ke Cekirge ba. Da na yi wa mai gidan magana cikin ladabi, ya ce abin da yake nufi shi ne gidan yana kusa da wuraren wankan. Gaskiya ne yana kusa, amma kusa daban, ciki daban, musamman ga mai ciwon ƙafa wadda aka yi wa alkawarin za ta riƙa jiƙa gwiwarta safe da yamma ba tare da ta fita ba. Duk wanda zai kama gida saboda ruwan, ya nemi a rubuta masa amsa ƙarara kafin ya biya kafin alƙalami.

Abu na biyu da hotunan tallar ba su nuna ba shi ne tudu. Titunan unguwar hawa ne da gangara, kuma tazarar da matashi zai ɗauka ba komai ba ce takan zama aiki ga dattijuwa mai dogara sanda. Benen yana da lif, amma sai an taka wasu matakala daga titi kafin a kai gare shi. Dole muka koma ɗaukar tasi duk lokacin da za a kai Hajiya wanka, abin da ya ƙara mana kashe kuɗin da ba mu sa a lissafi ba.

Duk da haka, wuraren wankan kansu sun cancanci wahalar. Tun zamanin Rumawa ake zuwa wannan yanki domin ruwansa, kuma bayan da Sarki Orhan Gazi ya ci Bursa a 1326 ta zama babban birnin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, sarakunan suka ci gaba da gina gidajen wanka a kan maɓuɓɓugan. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Eski Kaplija, wanda ake danganta gininsa da Sarki Murad na Ɗaya. Mutum yakan shiga ta wani faffaɗan zaure mai ƙubba inda ake sauya kaya, a ba shi wani zane mai ratsi ya ɗaura daga cibiya zuwa gwiwa, sannan ya wuce ɗaki mai ɗumi kafin ya kai ga tafkin ruwan zafi da ginshiƙan marmara suka kewaye, haske yana saukowa ta ƙananan ramukan gilashi da ke jikin ƙubbar. Sashen maza daban, na mata daban. Wanda ya san ruwan Wikki na Yankari kada ya yi zaton irinsa ne, domin wannan ya fi shi zafi nesa ba kusa ba, kuma ba a daɗewa a cikinsa. Akwai kuma Yeni Kaplija, wanda Rustem Pasha, wazirin Sarki Sulaiman, ya gina a ƙarni na 16, a ɓangaren da ruwansa ke da warin farar wuta, kuma a wannan ɓangaren ne Jami'ar Uludag take da cibiyar gashin ƙashi da ke amfani da ruwan wajen jinya.

Ga Hajiya, wadda ba ta saki jiki da wankan taro ba ko da a tsakanin mata, mafitar da muka samu ita ce ɗakin wanka na iyali da wasu otal-otal ke bayarwa haya na sa'a guda, inda ita da surukarta kaɗai suke shiga su rufe ƙofa. Likitanta ya riga ya gargaɗe mu tun daga gida cewa mai hawan jini ba ya daɗewa a ruwan zafi, don haka muka taƙaita zaman, muka kuma riƙa ba ta ruwan sha kafin shiga da bayan fitowa. Ba zan ce ta warke ba, domin ba ta warke ba, amma barcinta ya gyaru, kuma tashi daga zaune ya yi mata sauƙi a tsawon zamanmu.

Wani alherin unguwar shi ne masallacin Hudavendigar, wanda Murad na Ɗaya ya gina, ƙasansa masallaci, samansa makaranta, kuma kabarin sarkin, wanda aka kashe a yaƙin Kosovo a 1389, yana daura da shi. A can nake sallar asuba, kuma daga farfajiyarsa ana hango filin Bursa a shimfiɗe. Zuwa tsakiyar gari kuwa tafiya ce gajeriya a mota, inda Ulu Jami mai ƙubba 20 yake, wanda aka kammala a 1399, da kasuwar alharini ta Koza Han ta 1491. Hukumar UNESCO ta sanya waɗannan tsofaffin sassa na birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Yara sun fi murna da hawa motar igiya zuwa saman Uludag da cin gasasshen naman da ake kira Iskender, wanda asalinsa na Bursa ne.

Akwai batun doka da ya kamata kowa ya sani. Tun daga 1 ga Janairun 2024, duk mai ba da hayar gida ta kwana 100 ko ƙasa da haka a Turkiyya sai ya mallaki izini daga Ma'aikatar Al'adu da Yawon Buɗe Ido, idan kuma a bene ne na mutane da yawa sai sauran masu sassan sun amince, sannan a liƙa allon shaida a bakin ƙofa. Namu gidan yana da allon, kuma mai shi ya karɓi fasfo ɗinmu ya shigar da bayananmu a ranar da muka iso, kamar yadda ake yi a otal. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, kuma ina ganin shi ya sa maƙwabta suka karɓe mu hannu bibbiyu, har wata dattijuwa da ke hawa na ƙasa ta aiko wa Hajiya da kwanon dafaffun 'ya'yan itacen kestane (chestnut a Turance) masu sukari da garin ya shahara da su.

Ta fuskar kuɗi, hayar gidan ta zo mana ƙasa da abin da za mu biya na ɗakunan otal uku, ko bayan an haɗa da kuɗin shara da na dandalin intanet da muka kama gidan ta cikinsa, waɗanda ba sa bayyana sai a shafin ƙarshe na biya. Amma idan aka ƙara kuɗin tasi da na ɗakin wanka, ratar ta ragu sosai, ta yadda mata da miji su biyu kaɗai, waɗanda ruwan ne kawai ya kawo su, gara su sauka a otal mai ruwan maɓuɓɓuga a cikinsa. An mayar mana da kuɗin ajiyarmu cif ba tare da jayayya ba, kuma kafin mu kama hanyar Mudanya domin shiga jirgin ruwan Santambul, na roƙi mai gidan ya gyara jimlar nan ta ruwa a tallarsa, ya kuma sa hoton matakalar ƙofar shiga saboda masu zuwa da tsofaffi.