Makarantar cata ko ta hukumar birni: amsa ga Malamarmu ta Bronx

Malama, kin ce takardun ɗaukar aiki biyu ke hannunki, ɗaya daga makarantar cata (charter school) a Bronx, wani yanki na birnin Niyok a Amurka, ɗaya daga hukumar ilimi ta birnin Niyok, kuma ta catar ta ɗan fi tsoka wajen albashi, shi ne kike tambaya wacce za ki kama. Ni dai daga maganar kora zan fara, albashi ya biyo baya.

Ga 'yan uwa da ba su san ta ba, makarantar cata da kuɗin gwamnati take aiki, yara ba sa biyan ko sisi, amma wani kwamiti mai zaman kansa ke tafiyar da ita bisa yarjejeniyar da ake sabuntawa, galibi bayan shekara biyar. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokarta a 1991, jihar Niyok ta bi sahu a 1998.

Ɗauko takardar catar ki duba wajen ƙasa, kusa da inda za ki sa hannu. Da wuya ba ki ga an rubuta "at-will" ba. Ma'anarta, suna iya sallamarki ranar da suka ga dama ba tare da sun faɗi dalili ba, ke ma kina iya ajiye aikin haka. A hukumar birni kuwa za ki yi shekara huɗu ta gwaji, in aka tabbatar da ke, ba mai raba ki da aikin sai an rubuta laifinki an zauna gaban mai sasanci, ga ƙungiyar malamai ta UFT a bayanki. Yawancin makarantun cata ba su da ƙungiya sam.

Wani abin mamaki: malamin hukuma mai ƙungiya, dokar Taylor ta 1967 ta hana shi yajin aiki, in ya yi a yanke masa albashin kwana biyu kan kowace rana. Malaman cata kuwa, a 2016 hukumar ƙwadago ta tarayya ta ɗauki wata makarantar cata ta Brooklyn a matsayin ma'aikata mai zaman kanta, su kuma irin waɗannan ma'aikatan doka ta ba su damar yaji. A Shikago malaman makarantun cata na Acero sun yi yajin a Disambar 2018. Sai dai ba ƙungiya, wa za ki yi yajin da shi?

Fansho kuma, hukuma na da asusun malamai na birni, shekara biyar kin samu haƙƙi a ciki. Catoci da yawa asusun ajiya irin 403(b) suke bayarwa, abin da kika tara shi ne naki. Tambayi nawa suke ƙara miki a kai, da shekara nawa za ki yi kafin nasu kason ya zama naki. Wannan ɗan bambancin albashin, a nan yake narkewa. Haɗa da tsawon yini: catoci da dama na komawa tun watan Agusta, suna tashi a makare, kuma dokar tarayya ba ta wajabta biyan malami kuɗin ƙarin lokaci ba.

Kin tambayi hijabi da Juma'a. Nan dokar ɗaya ce: dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana wariyar addini a duk ma'aikatar da ke da mutum 15 zuwa sama, cata ko hukuma. Bambancin a kalanda yake. Tun 2015 makarantun birni ke rufewa ranar Sallah ƙarama da babba in sun faɗo ranar karatu, ita kuwa cata kalandarta take tsarawa. Ki nemi izinin Juma'a da hutun Sallah a rubuce, kada ki tsaya kan "ba damuwa" ta fatar baki.

Inda cata ta yi zarra shi ne ƙofar shiga. Dokar jiha ta yarje mata ɗaukar 'yan malamai ƙalilan da ba su kammala samun lasisin koyarwa ba, ga saurin ƙarin girma. Da ba ki da lasisi, da na ce ki shiga nan ki ƙarasa karatunki. Tunda kin ce lasisinki na hannu, ga yara uku, ni ta hukuma zan ce ki kama.

In kuma zuciyarki na kan catar, kafin ki sa hannu ki karɓi littafin ƙa'idojin ma'aikata ki karanta shi a gida, sannan ki tambayi sunan wa zai fito a takardar albashinki, makarantar ko kamfanin da ke gudanar da ita. In kamfanin neman riba ne, shekarunki a can ba za su shiga lissafin yafe bashin karatu na ma'aikatan gwamnati ba.