Tsakanin Cayenne da X5 M: Abin da Na Gani a Jamus

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ga bayanin da ka nema kan motar da zan ɗauka da sunan kamfani. Zaɓin ya tsaya a kan jif biyu, Porsche Cayenne Turbo E-Hybrid da BMW X5 M Competition. Kowacce ta haura Yuro 150,000 kafin a ƙara mata komai, don haka ban yi gaggawa ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, duk da sunayen na Jamus ne, babu wadda ake harhaɗawa a Jamus. Hedikwatar Porsche tana Stuttgart, amma Cayenne daga masana'antar Bratislava ta ƙasar Silobakiya take fitowa. BMW tana Munich, amma X5 tun fitowarta a 1999 a Spartanburg ta Amurka ake ƙera ta, sai jirgin ruwa ya kawo ta Turai. Cayenne ta biyo baya a 2002, kuma wannan da na duba ginshiƙinta ɗaya ne da na Audi Q8, Bentley Bentayga da Lamborghini Urus, domin duk 'yan gidan Volkswagen ne.

A takarda Porsche ce gaba. Injinta mai silinda takwas ne, lita 4.0, an haɗa shi da injin lantarki, jimilla ƙarfin doki 739. Tana kaiwa gudun kilomita 100 daga tsaye cikin daƙiƙa 3.7. BMW kuwa lita 4.4 ce, ita ma silinda takwas, ƙarfin doki 625, daƙiƙa 3.9. An ɗaure gudunta a kilomita 250 a awa, sai ka biya kuɗi na musamman a sassauta zuwa 290. Gaskiya wannan tazarar ta daƙiƙa ba jikin ɗan Adam ne zai gane ta ba. Ka taka totur a kowacce, bayanka zai manne da kujera, cikinka ya yi sanyi. Kuma kada labarin Autobahn, wato manyan titunan Jamus da suka haɗa garuruwa, ya ruɗe ka. E, akwai wuraren da ba a ƙayyade gudu ba, shawarar hukuma dai ita ce 130, amma aikin hanya, manyan motocin kaya da cunkoso ba sa barin mutum ya daɗe yana shara gudu. Yawancin rayuwar motar a cikin gari za ta yi ta, tsakanin fitilar hanya da wurin ajiye mota na ƙarƙashin ƙasa wanda da kyar faɗinta yake shiga.

Inda suka rabu da gaske shi ne ƙarƙashinsu. Cayenne a kan iska take zaune, wato maimakon sifirin na ƙarfe tana da jakunkunan iska da ake hurawa ko a sace, motar ta ɗaga ko ta sauka. X5 M sifirin ɗinta na ƙarfe ne, kuma da gangan aka taurara shi don ta riƙe kwana. Tayoyinta inci 21 ne a gaba, 22 a baya, robar siririya ƙwarai. Na bi da su ta tsohuwar unguwa mai daɓen duwatsu, irin wanda ya cika garuruwan nan. A cikin BMW makullan da na ajiye a gefen giya sai kaɗawa suke, kowane dutse yana isowa ƙuguna ta kujera, mai ɗakina a baya ta riƙe hannun ƙofa. A cikin Porsche ana jin duwatsun a kunne, amma jiki bai sani ba, kuma da yake batir ne ke jan ta a lokacin, injin ma shiru yake. Da aka fita bayan gari aka shiga hanya mai kwana-kwana kuwa, BMW ta nuna dalilin taurinta. Sitiyarinta na amsawa nan take, injin yana ruri, kana jin motar a tafin hannunka kamar dokin da ya san linzami. Wanda tuƙi ne abin sha'awarsa zai so ta, ni ma ta burge ni.

Batirin Porsche yana ɗaukar wajen kilowat-awa 26, yana kai mutum kimanin kilomita 70 ba tare da ɗigon fetur ba. Amma nauyi ne, motar ta kai tan biyu da rabi, kuma batirin a ƙasan but yake, ya ci wurin kaya. Wanda ba shi da wurin caji a gida ko a ofis, dakon batir kawai zai riƙa yi yana ƙona mai. But ɗin BMW lita 650 ne, murfinsa biyu, na sama ya ɗaga, na ƙasa ya kwanta har a zauna a kai a canza wa yaro takalmi. Wannan ƙaramin abu ne, amma mai iyali zai gane darajarsa.

Sai batun haraji, wanda a nan shi ne yake yanke wa mutane da yawa hukunci. Idan motar kamfani ce kuma kana hawanta don harkar kanka, duk wata ana lissafa kashi 1 cikin 100 na farashinta a matsayin ƙarin albashi, a cire haraji a kai. Mota mai batir da ake caji, idan ta cika sharuɗɗan hayaƙi ko na nisan tafiya da lantarki, rabin haka ake lissafa mata. A motar da ta kai wannan kuɗi, rabin nan ba wasa ba ne. Harajin shekara na mota ma da girman inji da yawan hayaƙi ake auna shi. Dokar hayaƙin Turai ce ta sa Porsche ta daina sayar da Cayenne Turbo GT a nan bayan sabuntawar 2023, ita ce wadda ta zagaye filin tseren Nürburgring cikin minti 7 da daƙiƙa 38.9 a 2021. A Amurka aka ci gaba da sayar da ita.

Hidimar bayan saye kuma ita ce abin da na fi so ka sani. Sabuwar mota tana da kariyar doka ta shekara biyu idan aibi ya bayyana. Binciken lafiyar mota na dole, wanda kowa ke kira TÜV, ana fara shi bayan shekara uku, daga nan duk shekara biyu, a manna tambari a lambar baya. In birki ko fitila ba daidai ba, babu roƙo babu sanayya, ka gyara ka dawo. Lokacin sanyi dole ne tayar ƙanƙara idan hanya ta daskare, don haka kowace mota tana da tayoyi saiti biyu, gareji ya ajiye maka ɗaya da kuɗi. Ka lissafa tayoyi takwas masu wannan girma. Man da suka fi so Super Plus ne mai lamba 98, mafi tsada a cikin fetur na yau da kullum. Gyara kuwa ba aikin bakanike da sifana kaɗai ba ne, sai an jona kwamfuta, kuma ɓangaren batirin Porsche sai mai takardar horo kan wutar lantarki mai ƙarfi yake taɓa shi.

Wajen ciniki halinsu ya bambanta. Porsche tana da doguwar takardar ƙari, launin fata, ɗinkin kujera, birkin seramik mai ruwan ɗorawa, kowanne da farashinsa, kafin ka ankara kuɗin ya yi tsalle. BMW ta fi zuwa da kayanta a haɗe. Na zauna na soke duk abin da ado ne kawai.

Na tsaya a kan Cayenne. Ina da wurin caji a gida, tafiyata ta yau da kullum ba ta wuce abin da batirin zai ɗauka ba, ga sauƙin haraji, ga kuma mutanen da za su zauna a kujerar baya. Haya zan ɗauke ta ta shekara uku, domin irin waɗannan motoci darajarsu tana faɗuwa sosai a shekarun farko, gara kamfanin haya ya ɗauki wannan nauyin. Na zaɓi ƙananan tayoyi a cikin waɗanda ake bayarwa, da birki na ƙarfe.

Ka gaida Umma da yara.

Ƙaninka.