dbt Core a aikin gina ƙaramin rumbun bayanan ciniki

Rigimar taron ƙarshen wata a kamfani takan taso ne daga lamba ɗaya. Sashen sayar da kaya ya faɗi cinikin wata, akanta ya ce ba haka ba ne, domin ɗaya ya ƙirga har da kayan da kwastomomi suka dawo da su, ɗayan kuwa ya cire su. Maganin wannan shi ne ƙaramin rumbun bayanai na sashe guda, wanda masu sana'ar ke kira data mart. Ana ɗebo bayanai daga babban rumbu, a tace su, a tsara su daidai da tambayoyin sashen. dbt Core, manhajar kyauta mai tace bayanai da tsara su a cikin rumbu, ta kamfanin dbt Labs, wanda a da ake kira Fishtown Analytics, ya dace da wannan aiki ƙwarai, amma da sharuɗɗa.

Ana girka shi da pip, kayan girka manhajojin harshen Python, tare da adaftar rumbun da ake amfani da shi, kamar dbt-postgres ko dbt-bigquery. Kowane tebur fayil ne na SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, mai SELECT (umarnin zaɓo bayanai) guda ɗaya. A matakin staging ake gyara sunayen ginshiƙai da tsarin kwanan wata, a matakin marts kuma a haɗa teburin ciniki da na kwastoma, na kaya da na ranaku. Da umarnin ref() tebur ke kiran ɗan'uwansa, ta haka manhajar ke sanin wanda za ta fara ginawa. Ma'anar "ciniki" sai ta zauna wuri ɗaya a Git, manhajar adana tarihin gyaran fayiloli, duk wanda ya taɓa ta a gan shi.

Inda ya fi burge mu shi ne gwaji. Yana zuwa da guda 4: unique (kada ƙima ta maimaitu), not_null (kada a bar gurbi), accepted_values (ƙimomin da aka amince da su kawai) da relationships (kowace lamba ta samu a teburin da take nuni gare shi). Ga amfaninsu. A ce teburin farashi yana da layi 2 na kaya ɗaya, tsohon farashi da sabo. Da an haɗa shi da teburin ciniki, kowane rasit na kayan zai fito sau 2, cinikin naira miliyan 5 ya koma miliyan 10, manaja ya yi odar kayan da za su kwana a sito. SQL ba zai yi ƙorafi ba, domin a wurinsa babu kuskure. Gwajin unique a kan lambar layin rasit shi ke kama wannan, kuma idan aka yi amfani da umarnin dbt build, mai gini da gwaji tare, teburan da suka dogara da wanda ya faɗi gwajin ba za a gina su ba.

Sai inda ake tuntuɓe. Teburin incremental yana ƙara sababbin layuka ne kawai, yawanci waɗanda kwanan watansu ya wuce na ƙarshe a teburin. Reshen da intanet ɗinsa ya yanke ranar Litinin, bayanansa suka iso Laraba, cinikinsa na Litinin zai salwanta shiru. A riƙa sake duba kwanaki 3 zuwa 7 na baya tare da unique_key don kada layi ya shiga sau 2, a kuma yi --full-refresh, wato sake gina teburin daga farko, lokaci-lokaci. Haka snapshot, mai adana tarihin canji kamar kwastoman da ya koma wata shiyya, daga ranar da aka kunna shi yake fara ajiya. A kunna shi tun makon farko.

dbt Core ba ya ɗauko bayanai daga manhajar kanti ko ta lissafi, wannan aikin manhajoji ne irin su Airbyte ko Fivetran. Ba shi da agogon da zai tayar da kansa, sai an haɗa shi da manhajar tsara lokacin aiki kamar cron ko Airflow. Ba ya zana jadawalin rahoto, sai manhajoji irin su Metabase ko Power BI.

Kamfani mai rassa da yawa da ma'aikaci ko da ɗaya ne da ya iya SQL da Git zai ci ribarsa. Kanti ɗaya mai rasit ɗari biyu a rana kuwa, Excel ya ishe shi.